Mu Huɗu a Gonar Bakin Daji

Ni tela ne. Na fi shekara ashirin ina taka keke a Yankara, a wani shago mai ƙofa biyu. Ɗaya tana kallon titi, ɗayar kuma tana buɗewa cikin wani ɗan fili da katanga ta zagaye, inda nake shanya yadi in na jiƙa shi. A wannan filin muka fara zama, kuma ba ni na kawo shawarar ba.

Wanda ya kawo ta wani malamin asibiti ne da ya yi ritaya, ya dawo gida yana duba mutane a zaurenshi. Malam kawai muke ce mashi. Wata rana ya kawo mani riga in rage mashi hannu, ya zauna a benci yana jira. Sai ga babura uku sun wuce a guje. 'Yan acaba ne na gari, na ma san su, amma almakashi ya suɓuce mani, hannuna ya kama rawa, na rasa yadda zan yi in tsaida shi. Na tura shi ƙarƙashin yadi.

Malam ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe mi, Malam?"

"Tun yaushe hannunka ke yin haka?"

Na ce mashi zazzaɓi ne ke damuna. Bai yi gardama ba. Gaskiyar ita ce tun ranar da muke dawowa daga Kankara 'yan bindiga suka tare motar da ke gabanmu. Direbanmu ya juya da baya a guje, ni kuma ina kallo ta tagar mota ana kora mutane cikin daji kamar awaki. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gani ba. A gida na zama mai tsawa, har yarana suka koma yin shiru in sun ji sallamata.

Malam ya ce maza suna ta zuwa zaurenshi, wannan ya ce kai, wannan ya ce ƙirji, wannan ya ce barci ya ƙaurace mashi. In ya auna sai ya ga jini ya hau, ya ba da magani, bayan kwana kaɗan mutum ya dawo yadda ya tafi. Ya ce, "Ka ara mani bayan shagon nan ranar Laraba bayan La'asar. Namiji in ya cika shiga zaurena sai a ce ba shi da lafiya. In ya shiga wurin tela ba mai tambaya."

Haka muka fara, mu shida, da tabarma biyu da butar shayi. Sharaɗi biyu Malam ya kafa. Abin da aka faɗa a nan ba ya tsallake katanga. Sannan ba mai ce wa mutum ya yi haƙuri sai ya kai ƙarshen maganarshi. Ya ce haƙuri gaskiya ne, addini ne, amma mun saba jefa wa mutum shi tun bai buɗe baki ba, don kada mu ji abin da zai faɗa.

A zama na uku Malam ya zo da wani dattijo Bafulatani. An kore mashi shanu kaf a rugarsu ta wajen Sabuwa, ya taso da matarshi ya raɓe a bakin gari, yana tufka igiya yana kaiwa kasuwa. Da ya shigo sai kowa ya juyo ya kalle shi. Mutum ɗaya ya tashi ya sa takalmi, ya ce shi ba zai zauna da waɗanda suka kashe mashi dangi ba, kuma bai sake dawowa ba. Dattijon ya ƙaraso. Ya zauna a gefen tabarma, ya naɗe ƙafa. Muka riƙa ce mashi Baba.

Wanda nake son in ba da labarinshi abokina ne tun muna yara, tare muka yi makarantar allo. Manomi ne na gaske. In ana gayya shi ke gaba, kuma kafin ka gan shi za ka ji dariyarshi. Suna da babbar gona a bakin daji shi da ƙanenshi, magidanci mai 'ya'ya uku. A wannan daminar, lokacin noma na biyu, 'yan bindiga suka same su a gonar da tsakar rana. Abokina ya tsira. Ƙanen aka tafi da shi. Bayan kwanaki wani da aka sako ya zo da labarin cewa an harbe shi a ƙafa, ya kasa tafiya, ya cika a hanya. Aka yi zaman makoki ba gawa. Kowa ya zo ya dafa kafaɗar abokina ya ce mashi shi namiji ne, shi ne babba, ya daure.

Ya daure ɗin kuwa. Ya kwaso iyalinshi da na ƙanen ya kawo su cikin gari. Amma ya daina fita, ya daina cin abincin kirki, rigarshi ta yi mashi yawa. Ni na je har gida na jawo shi zuwa zaman Laraba. Ya zo sau biyar. Yakan karɓi shayi ya riƙe har ya huce, in an zo kanshi ya ce, "Alhamdulillahi, ni lafiya ta lau." Malam ya hana mu matsa mashi.

A zuwa na shida sai ya zo da fara'a. Ya yi aski, ya gaisa da kowa hannu da hannu, har ya tsokane ni cewa ɗinkina ya fara karkacewa. Na ji daɗi ƙwarai. Da za a tashi ya ce yana da magana. Muka gyara zama. Ya ce ba wani abu ba ne, yana dai roƙon duk wanda ya taɓa ɓata wa rai ya yafe mashi. Ya juyo ya ce mani, "Tela, garmata tana zaure, ka aika a ɗauka ka ba wanda zai yi amfani da ita."

Na raka Malam bakin titi ina cewa ga shi abokina ya fara dawowa. Malam bai yi murmushi ba. Ya ce, "Manomi ya ba da garma, ya nemi gafara, kai kuma kana murna? Gobe da sassafe mu je gidanshi, ni da kai."

Ba mu kai ga zuwa ba. Washegari ina buɗe shago, rana ta ɗan ɗaga, sai ga matarshi, wadda ban taɓa ganinta a titi ita kaɗai ba. Ta tsaya daga gefe, ta ja hijabi ta rufe baki.

Ta ce, "Tela, abokinka ya fita tun da aka sauko masallaci. Ya sa farar rigarshi ta Juma'a. Na ce ina za shi, ya ce za shi duba dawa. Bai ɗauki ruwa ba, bai ɗauki komai ba. Wayarshi ma ga ta nan ya aje bisa tabarma."

Tun ranar da abin ya faru ba wanda ya sake taka wannan yankin. Ƙauyukan da ke kusa da gonar duk sun tashi.

Na rufe shago na ruga gidan Malam. A hanya na ci karo da Baba ɗauke da igiyoyinshi, na gaya mashi a tsaye. Ya sauke igiyoyin a shagon wani mai shayi ya biyo ni. A zauren Malam na ce mu sanar da 'yan sa-kai su raka mu. Baba ya girgiza kai. Ya ce in aka tafi da yawa da bindigogi, tun daga nesa za a gan mu, kuma abin da za a yi ba ɗauko mutum ba ne, faɗa ne. Malam ya ƙara da cewa in aka je aka kamo shi gaban jama'a kamar mahaukaci, gari duka zai ji, kuma ba zai sake yarda da kowa ba.

Baba ya ce, "Na san hanyar shanu da ke bi ta bayan rafi. 'Yan bindiga ba su cika bin ta ba, babur ba ya jin daɗinta."

Na kalle shi. Ba zan ɓoye ba, wani abu ya ɗarsu a zuciyata: mutumin nan zai kai mu ne ko zai miƙa mu? Ina jin ya gani a fuskata, don ya ce, "In kana tsoro na, ka sa ni gaba, kai ka bi baya."

Malam ya fito da babur ɗinshi. Idonshi ba ya gani sosai, Baba kuma bai iya ba, don haka ni na tuƙa, ni da ƙarar babur ke sa hannuna rawa. Muka hau mu uku. A ƙauye na ƙarshe da ke da sauran mutane muka jingine shi a gidan wani tsoho. Tsohon ya ce ya ga mai farar riga ya wuce, ya yi mashi magana bai waiwayo ba. Ya ce mamu jiya ma an ji harbi ta wannan gefen.

Daga nan muka taka da ƙafa. Muka ratsa wani ƙauye da ba kowa. Ciyawa ta fito har cikin zaure, ƙofofi a buɗe, rumbuna an fasa masu ciki. A ƙofar wani gida ga turmi a kife. Ba kaza, ba akuya, ba hayaƙi. Da muka sauka rafi Baba ya tsaya ya duƙa, ya nuna mamu sawun tayoyi a laka, da yawa, sun tsallaka sun nufi gabas. Ya taɓa da yatsa ya ce na yau ne. Malam yana haki, ga shekaru ga hawan jini, na ce ya zauna nan ya jira mu. Ya ce in rufe mashi baki.

Rana ta kusa tsaka muka isa. Dawar ta yi tsawo ita kaɗai cikin ciyawa, ta fitar da kai ba mai duba ta. Ba cikin dawar muka same shi ba. A gefen gonar akwai wani fili da hanyar daji ta bi ta kusa da shi, ba itace ba inuwa. Nan ya zauna bisa kunyar gona, cikin farar riga, ya fuskanci daji, yadda duk wanda ya fito daga can shi zai fara gani.

Na yi sallama. Ya waiwayo, fuskarshi ta canza.

Ya ce, "Mi ya kawo ku? Tela, ka haukace? Ka jawo tsofaffi nan?"

Na ce, "Tashi mu tafi gida."

"Ku koma. Ni dawa na zo dubawa."

"To ka duba ta. Tashi."

Na kama hannunshi na ja. Ya fizge, ya ture ni har na faɗi zaune. Duk ramar da ya yi, ƙarfin manomi yana nan. Na tashi raina a ɓace, na fara faɗa da ƙaramar murya, ina ce mashi ya ji tsoron Allah, ya tuna 'ya'yanshi, ya tuna marayun da aka bar mashi. Malam ya dafa ni ya ce ya isa. Sai ya tattara riga ya zauna bisa kunya kusa da shi, a fili, cikin rana. Baba ma ya zauna ta ɗaya gefen. Ni kaɗai na rage a tsaye, ina waige-waige, daga baya na zauna.

Malam ya ce, "Ba mu zo ɗaukarka ba, ba mu iyawa. In kana zaune muna zaune. Amma zan tambaye ka, kuma ka ba ni gaskiya. So kake su zo su kashe ka?"

Ban taɓa jin an yi wa mutum irin wannan tambaya ido da ido ba. Abokina ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ba ni iya yi da hannuna, Malam. Na san hukuncin. Amma in su suka yi, ai shi ke nan."

Malam ya ce, "Na ji. Gaya mani abin da ya faru nan."

Ya ɗaga hannu ya nuna cikin dawar. Ya ce a lokacin ba ta wuce ƙugu ba. Da suka ji babura shi yana can ƙarshen gona, ya faɗa cikin kwarin kunya ya kwanta, ya ja ciyawar da suka nome ya rufe jikinshi. Ƙanen yana nan bakin hanya, daidai inda muke zaune.

Ya ce, "Ya kira ni. Shina cewa Yaya, Yaya. Ina jin shi kamar yadda nake jin ku. Suna tambayarshi ina ɗayan, ga fartanya biyu. Ya sake kira. Na cusa bakina cikin ƙasa. Ban amsa ba, Malam. Ni na goya shi, ni na yi mashi aure, ya kira ni ban amsa ba. Kowa na cewa Allah ya tsirar da ni. Matarshi tana durƙusawa tana gaishe ni kullum da safe."

Kalmar haƙuri ta zo mani har bakin leɓe, na haɗiye ta. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babban mutum ya yi ba, kafaɗunshi na girgiza, yana dukan ƙasa da tafin hannu. Muka bar shi. Ni dai kunnena yana daji.

Da ya lafa sai Baba ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ni ma ina da abin da ban faɗa ba. In aka ji shi a gari, ba ni kwana da rai. Ɗana na biyu shina cikin 'yan bindigar."

Abokina ya ɗago kai a hankali.

Baba ya ci gaba, idonshi a kan hannuwanshi. Ya ce bayan an kore shanunsu, ɗan ya ce shi ba zai zauna yana tufka igiya ba. Ya hana shi, ya yi mashi rantsuwa, ya ce in ya tafi ba shi ba shi. Ya tafi. Tun daga nan duk wanda aka ce an kashe, sai ya kwana yana tambayar kanshi ko hannun ɗanshi ne. Ya ce, "Ranar da ka fara zuwa bayan shago aka gaya mani kai wane ne, na so in tashi in gudu. Ban san ko shi ne ba. Ban san ko ba shi ba ne. Ga ni, in akwai abin da za ka yi mani, ka yi."

Abokina ya miƙe tsaye. Na miƙe ni ma, na shiga tsakaninsu, don na ga yadda ya dunƙule hannu. Baba bai motsa ba.

A daidai nan muka ji su. Ƙara ce can nesa ta gabas, kamar injin niƙa a wani gari, sai ta riƙa ƙaruwa. Ba babur ɗaya ba ne, ba biyu ba. Malam ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Na kalli abokina, ya kalli daji, ya kalle mu. Abin da ya zo nema ke nan, ga shi yana tahowa.

Ya tuɓe farar rigar da hannu ɗaya ya dunƙule ta a hammata. Ya sunkuya ya ɗauki Malam cak kamar buhu. Ya ce mani, "Kama tsohon nan, biyo ni, kada ku taɓa kara." Muka kutsa cikin dawa muna bin kwarin kunya a duƙe. Ya san gonarshi. Ya kai mu wani wuri da ruwa ya zaizaye ya yi rami, ciyawa ta rufe shi. Ya tura mu ciki, ya kwanta a bakin ramin.

Suka iso. Ina jin muryoyinsu, wani yana dariya, wani ya kunna waƙa a waya. Babur ɗaya ya tsaya, injin yana aiki. Na tuna sawunmu a fili, da inda muka zauna ciyawa ta kwanta. Hannuna ya kama rawa har karan da ke kusa da ni yana motsi. Baba ya kama hannun ya danne shi a ƙasa da nashi. Ina jin numfashin Malam a wuyana, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wani ya yi kira daga gaba, wanda ya tsaya ya amsa, ya ja babur ya bi su. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Ba mu tashi ba sai da abokina ya ce mu tashi.

A hanyar dawowa shi ya goyi Malam har rafi. Bai yi wa Baba magana ba, bai kuma kalle shi ba. Da muka iso ƙauyen da muka bar babur, ya zauna a ƙofar gidan tsohon ya sha ruwa kwano biyu. Malam ya ce mashi, "Jibi za mu babban asibiti, ni da kai. Akwai likitan da ke duba irin wannan. Ba hauka ba ne, ciwo ne, kuma ya fi ƙarfin shayin bayan shago." Ya ce to.

Ba a rana ɗaya ya warke ba, ban ma ce ya warke duka ba. An ba shi magani, yana komawa ganin likita. Mu kuma muka raba kwanaki a tsakaninmu ba tare da mun gaya wa gari dalili ba: kullum akwai wanda zai je ya ci tuwo da shi, ko ya ja shi kasuwa. Akwai makon da ya koma ɗaki ya ƙi fitowa, na zauna a zaurenshi da ɗinkin hannu har ya gaji ya fito ya zage ni. A zaman Laraba ya maimaita labarin gonar da bakinshi. Da ya gama, wani direba da ke zuwa daga Faskari ya ce shi ma akwai wanda ya bari a hanya, ya fara nashi. Ni ma a ranar na faɗi abin da na gani a hanyar Kankara.

Maganar Baba kuwa ba ta fita daga bakin ɗayanmu ba. Amma wata guda cur abokina bai amsa gaisuwarshi ba. In Baba ya zauna nan, shi sai ya zauna can. Malam ya ce mu ƙyale su.

Bayan kaka zaman gari ya yi wa Baba wuya. An fara nuna shi da baki a kasuwa, ba don an san wani abu ba, don dai shi Bafulatani ne. Ya yanke shawarar komawa wurin 'yarshi da ke aure a wajen Pauwa. Ranar tafiyar na je rakiya, na tarar abokina ya riga ni. Ya ɗaure masu kaya, ya ɗora buhun a kai har tasha, ya yi ta faɗa da kwandasta sai da aka ba matar Baba kujerar gaba.

Da mota za ta tashi ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, in ka samu labarin yaron nan, kowane iri ne, kada ka riƙe shi kai kaɗai. Ka sa a kira Tela, mu zo."

Baba ya gyaɗa kai. Motar ta fita. Muka tsaya har ta hau titi, sannan abokina ya ce yunwa yake ji, muka tsallaka wurin mai ƙosai.